Yadda Za Ki Cika Taku Dubu Goma Kina Zaune a Kujera

Ke da kika haura hamsin, al'ada ta ɗauke, jiki ya yi auki, likita ya ce kitse ya taru miki a jini sai kin riƙa tafiya mai sa haki kullum, matso nan. Na yi miki alkawari, in kika bi abin da zan faɗa, za ki cika taku dubu goma a rana ko takalmi ba ki saka ba. Ba ji na yi ba, gani na yi. Yayata ce ta gwada, wata uku cur.

1. Karɓi agogon hannu bibbiyu

'Yar Yaya ce ta kawo mata agogon nan mai ƙirga taku, wanda yake kai rahoto wayar yarinyar. Tana ɗaura mata tana hawaye: "Umma, ba na so ki kwanta yadda Kaka ta kwanta, ɓarin jiki a shanye." Ke ma in an kawo miki, kada ki yi musu. Sa albarka kawai. Musu shi yake jawo sa ido.

2. Ki sani agogo ba shi da ido

Motsin hannu yake ji, bai san ƙafa ba. Yaya ta gano haka ran da aka ɗauke wuta tana fifita. Samu mafici mai kyau: daga azahar zuwa la'asar, taku dubu uku. Carbi kam bar shi. Ba a haɗa ibada da ha'inci, muna da tsoron Allah.

3. Yi ƙawance da mai keken ɗinki

Na ƙafa fa, ba na lantarki ba. Ɗaura agogon a wurin takawa, ki koma gefe ku sha hira. Na ce, "Yaya, wannan ba ƙarya ba ce kuwa?"

Ta ce, "Kin ji na buɗe baki na ce na yi tafiya? Agogo ne ya faɗa, shi za a tambaya."

Sai dai ki guji ranar da ɗinki ya yi mata yawa. Wata rana Yaya ta tashi da taku dubu talatin da ɗaya. 'Yar ta kira a gigice: "Umma, ina kika je?" Ta ce, "Zumunci."

4. Gyara shaida

Goga ƙasan takalmin a siminti. In za a kira ki ta bidiyo, yayyafa ruwa a goshi, ki amsa sallama kina haki.

5. Ci abinki

Mai tafiya ai ba a hana shi soyayyen nama. Yarinyar ma da kanta ta riƙa aikowa, wai Umma ta mayar da ƙarfi.

6. Ranar asibiti, saki fuska

Nan ne ɗan abin da ban gama warwarewa ba: jini suke ɗiba, shi kuma ba a ɗaura shi a keke. Likita ya dubi takarda, ya dubi wayar yarinyar, ya ce, "Mama, kitsen ƙaruwa ya yi. Tunda duk tafiyar nan ba ta sauke shi ba, daga yau ba soye-soye, ba jan nama, ga ƙwaya kullum. Tafiyar kuwa a ci gaba, tunda kin saba."

Yarinyar ta share ido ta ce, "Na ɗauki hutun wata guda, Umma. Tare za mu riƙa fita, ki nuna min hanyar da kike bi."

Yaya ta dube ni. Ni kuwa na dubi silin.

Biyu ne ya rage mata: ta faɗi gaskiya a gaban 'yar cikinta, ko ta taka. Ta zaɓi takawa. Kullum da safe ina ganin su ta taga, 'yar a gaba, Yaya a baya ta jiƙe sharkaf da gumi. In ta zo saitin ƙofata sai ta ce, "Allah Ya isa," ba ta dai faɗi da wa take ba.

A ƙarshe, ni ba likita ba ce, a aji uku na tsaya. Alkawarin taku na yi miki, ban ce komai a kan jini ba. In asirinki ya tonu, ko kika wayi gari hannu ya ƙi ɗaguwa baki ya karkace, ba ruwana, kada a zo min gida. Ba ma za a same ni ba: yarinyar ta sa an ɗebi nawa jinin, gobe ni ma da ni za a fita.