Angon Attarugu

Na sha jin kunya a rayuwata, amma wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce ta ranar da matan unguwa suka zo ganin amarya a gidana, ni kuwa ko kaza mace ba ni da ita.

Bari in faro daga tushe. Bayan rasuwar matata, zaman Funtua ya gagare ni. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a Zariya, gidan kuma ya yi mini girma. Sai na tattara na koma Ƙarfi, na kama hayar wani gida a bakin gari mai fili a baya, wai zan yi noman rani. Mutanen Ƙarfi ba su da laifi, suna gaishe ni. Amma gaisuwar baƙo ce, "Sannu Malam," a wuce. Ni ma ban taimaki kaina ba, don da liman ya sallame nake zura takalma in kama hanya kamar na bar tukunya a wuta. Akwai ranakun da in ban da karatun sallah, bakina ba ya motsi tun safe har magariba.

Na kafa rumfar leda a bayan gida, na yafa irin attarugu a ciki kafin lokacin dashe. Ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sanyi ya sauko, irin sanyin nan da ke sa mutum ya yi shawara da buta kafin ya yi alwala. Tsiron ya tsaya cik, ganyen ya takure. Da na yi wa 'yata ƙorafi a waya, sai ta turo mini wani bidiyo: wani Bature ya kunna kyandir, ya kifa tukunyar ƙasa a kai, ya sake kifa babba a kanta, wai ƙasar tana riƙe zafi tana sakinsa a hankali har gari ya waye. Na ce ai wannan ba sai Bature ba, mu ne masu tukwane.

Ranar kasuwar Bakori na je wurin wata tsohuwa mai sayar da tukwane. Kyandir ba zai yi mini ba, garwashi nake so in zuba, saboda haka na zaɓi kaskon turare, irin na mata mai ado a baki, da tukwane manya da ƙanana. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi kayan.

"To, to, to," in ji ta. "Allah ya sanya alheri, ango. Ya ba da zaman lafiya."

Na yi dariya, na ɗauka wasan tsofaffi ne. Har ta ƙara mini da ƙullin turaren wuta, wai gyara, in kai wa amarya. Na karɓa (ban taɓa mayar da gyara ba tunda aka haife ni).

Aikin ya yi kyau, in ban da tukunyar da na fasa garin huda gindinta da ƙusa. Na zuba garwashi a kasko, na jera bulo a gefe don iska ta samu shiga, na kifa ƙaramar tukunya, na kifa babba. Da asuba na shiga rumfa na taɓa, ga ta da ɗumi kamar jikin mutum. Da nan na tsaya, da ba ku ji wannan labari ba.

Amma ga turare a aljihu. Wata yamma na barbaɗa kaɗan a garwashin, na ce wa kaina don in kashe warin gawayi ne. Ƙarya nake yi. Da ƙamshin ya tashi sai na ji kamar ina ɗakin marigayiya, na zauna a kan bulo na kasa tashi. Daga ranar kullum sai na zuba. Na kuma koyi hira da attarugu. In na gyara wuta sai in ce, "To, an ji ɗumi yanzu ko? Sai a daina fushi." Na manta katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Malam Idi tela, kuma katangar ba ta kai tsayina ba.

Ku da kanku ku lissafa. Gidan da babu mace, ga ƙamshin turaren wuta kullum kafin magariba, ga muryar namiji yana lallashi.

Malam Idi ne ya fara tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Haba Malam, a yi abu a Funtua shiru, ko goro ba mu gani ba? To Allah ya sanya alheri."

A nan ya kamata in ce, "Wane abu?" Na buɗe baki kuwa. Amma rabon da wani ya riƙe hannuna haka har na manta, sai na ji bakina ya ce, "Amin."

Daga wannan amin ɗin rayuwata ta canja. Aka fara shimfiɗa mini buzu a shagon Malam Idi, ana tsokanata wai na yi ƙiba. Aka fara aiko da tuwo daga gidaje, wai a ba amarya kafin ta saba da gari. Ni nake cinyewa, in wanke kwano in mayar da godiya. Kullum sai in ce gobe zan faɗi gaskiya, gobe ta yi in tuna yadda gidan yake kafin a fara buga mini ƙofa, sai in ƙara kwana ɗaya. Ba tuwon nake tsoron rasawa ba, wallahi, sallamar nake tsoron rasawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mata ba sa barin amarya a ɗaki har abada ba su gan ta ba.

Wata rana bayan la'asar ina cikin rumfa, daga ni sai singileti da zanen marigayiya da na ɗaura don kada toka ta ɓata mini wando, ina tsugune ina fifita garwashi. Sai na ji guɗa a tsakar gida. Inna Laraba ce, mahaifiyar Malam Idi, ta jawo surukarta da matan maƙwabta, kowa da kwano a hannu.

"Salamu alaikum! Ina amaryar? Kunyar ta isa haka, fito mu gan ki!"

Ina jin su suka ɗaga labulen ɗaki. Na san abin da suka gani: katifa ɗaya a ƙasa, rediyo, da kofin shayin da ban wanke ba tun safe. Guɗar ta mutu. Sai suka bi ƙamshi har bayan gida, Inna ta yaye ledar, suka same ni da mafici a hannu, hayaƙi yana fita ta gindin tukunya.

"Malam, ina ka ɓoye ta?"

Na ɗaga mafici na nuna attarugu.

Surukar ce ta fara dariya, ta toshe baki da mayafi, sauran suka kama har wata ta zauna a ƙasa. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallona.

"To wa kake tambaya ko an ji ɗumi?"

"Su nake tambaya, Inna."

"Suna amsawa?"

"Tukuna dai."

Ta ajiye kwanonta a kan bulo. "Ci, ɗan nan. Amaryar taka ba ta cin funkaso."

Kwanaki na yi ina zagayawa masallacin wata unguwa. Tuwo ya tsaya, kamar yadda ya kamata. Attarugun kuwa ko a jikinsa, ya yi kore shar, na dasa shi ya yi 'ya'ya.

Darasin da na koya shi ne, mai son ɗumama rumfa ya tsaya a gawayi zalla. Turare mutane yake kira, kuma in sun zo sai an nuna musu wani abu.

Har yau in na wuce shagon tela sai an ɗaga murya, "Angon attarugu, ya amarya?" Yara su faɗa, manya su faɗa. 'Yata ta ce in nuna musu ba na so. Ni kuwa tsayawa nake in ce tana gaishe su, don kafin wannan suna babu wanda ya taɓa kirana daga nesa a garin nan.