Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Tafi da Sunayen 'Ya'yanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haƙuri irin na wanda ba shi da yadda zai yi, iyalan Malam Shitu na Unguwar Gai a ƙasar Kibiya suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar 'yarsu Ikram, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a kan tabarma, tana tsakiyar aiki. Shekarunta tara a duniya: biyar a hannun wani da ba mu san shi ba, huɗu a hannun Ikram, wadda ta sayo ta gwanjo da ta fara digiri na biyu a fannin noma.

Marigayiyar mai haƙuri ce, sai dai ba ta son a gaggauta ta, shi ya sa aka sa mata Gwaggo. In an kunna ta sai ta yi gyaran murya, "ƙirrr, ƙirrr," ta ja dogon numfashi, "fuuuu," mutum ya je ya dama kunu ya dawo kafin ta buɗe ido. Ta sha hawa babur zuwa Rurum a cikin zani, ta sha gargada har maƙalinta na hagu ya karye aka ɗaure shi da kyauro, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta kallon fim, ba ta shiga gulmar intanet. Aikinta guda, lissafi a manhajar ƙididdiga ta R, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Babban aikin rayuwarta shi ne gwajin dawa. Manoman Rurum da Yalwa da Unguwar Gai sun ba Ikram aron gefen gonakinsu har damina uku, ana shuka ƙaura da farafara da wani sabon iri gajere, a ga wanne ya fi karɓar kowace ƙasa. Gwaggo ce ta riƙe yawan damin da aka samu, a cikin akwatin lambobi mai fuska uku. Wanda bai gane ba ya ɗauka kiret ɗin ƙwai uku ne aka ɗora a kan juna: layi na gari ne, jeri na iri, hawa kuma na damina. Ko kuwa layin ne na iri? To, a nan gizo yake saƙar.

Malamin Ikram ya faɗa mata tun farko ta liƙa wa kowace fuska sunanta a jikin akwatin. Ta ce to, ta bar shi a to ɗin. Sunayen ta rubuta su a wani ɗan shafi daban a cikin Gwaggo, ita kuma tana cewa uwa ba ta manta sunan ɗanta. Ga shi ba bi da bi ta shigar da lambobin ba, takardar lissafin gona da ta fara zuwa hannu ita take bugawa. Takardun kuwa gara ta yi biki da su tun bara.

Ciwon ajali ya fara da kumburin batir. Daga nan sai zazzaɓi, har ba a iya ɗora ta a cinya, sai suma sau uku a yini. Mai gyara a Rano ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce a kai ta gida a ci gaba da lallaɓawa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tit," sau ɗaya, a hankali.

Ta rasu ta bar caja guda, da jaka mai yagaggen zif, da marayu ashirin da bakwai a cikin ɗan filashin ajiyar bayanai: lambobi tsirara, uku sau uku sau uku, babu mai suna ko ɗaya. Da garuruwan huɗu ne, ko daminar biyu, da tsawon fuskar kaɗai ya tona asiri. Amma komai uku-uku ne, ta ko'ina ka juya akwatin kama ɗaya. Ikram ta yi kuka na gaske, kuma ba don kwamfuta kawai ba. Hadari ya fara haɗuwa, manoman gari uku suna jiran ta faɗa musu abin da za su shuka, in ta yi cinke ta ba mutanen Rurum shawarar Yalwa, damina guda ta tafi a banza, da ita da amanar da aka ba ta.

Iyalan suna miƙa godiya ta musamman ga waɗanda suka tsaya a kan marayun. Na farko Malam Ja'afaru na Rurum, wanda Ikram ta samu yana gyaran sungumi, ta tambaye shi ko yana tuna abin da gefen gonarsa ya ba da. Ya ce, "Haba 'yar nan, a manta shekarar jan-baki? Damina ta biyu ce, tsuntsayen nan suka sauka a kan farafara, dami huɗu na ɗaure, ina ɗaurewa ina jin kunya." Huɗu guda ɗaya ce tak a cikin akwatin, kuma nan take ta samu gari da iri da shekara.

Ta biyu Iya Laraba ta Yalwa, wadda ba ta taɓa ganin R ba kuma ba ta yi asarar komai ba. Ita duk damin da ya shiga rumbu sai ta ja masa layi da gawayi a bango, kowane iri da kusurwarsa, kowace shekara da sahunta. Ta kai Ikram gaban bangon ta ce, "Ƙirga da kanki. Ni nawa allon ba ya neman caji." Da bangon Iya da huɗun Malam Ja'afaru da abin da Malam Shitu ya riƙe a ka, fuskokin akwatin suka faɗa wurarensu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Juma'a da hantsi aka raɗa wa marayu suna a Rano, a kan kwamfutar aro ta Bushra, ƙawar Ikram. Ikram ta kira umarnin da ake ce wa dimnames, ta rubuta fuska ta farko iri, ta biyu gari, ta uku damina, sannan ta jera sunan kowane iri da kowane gari da kowace shekara a jikin akwatin kansa, yadda duk inda lamba ta je sunanta yana goye a bayanta. Ashe layin na iri ne. Aikin da ta yi shekara uku tana ɗagawa bai kai tafasar shayi ba. Sakamako ya fito sarai: sabon iri a Rurum, farafara a Yalwa in an yi tsaron tsuntsu, a Unguwar Gai kuwa tsohuwar ƙaura ta kayar da kowa. Da Malam Shitu ya ji sai ya ce, "Wato sai da aka kashe shekara uku da kwamfuta guda kafin a yarda da abin da kakanki ya sani?" Ikram ta ce, "Baba, ai yanzu an rubuta." Ya ce Allah ya yi mata albarka, kuma ya faɗa da gaske.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe daga tashar Kibiya, a motar Sule direba, zuwa wurin masu gyara a Kano, inda za a cire abin da ya rage mai amfani a jikinta a raba wa 'yan uwanta masu jinya. Ana roƙon jama'a kada a ɗora mata buhu a kai, ta sha nauyi a rayuwa.

Ba za a yi zaman makoki ba, domin ruwan shuka ya sauka jiya kuma an riga an aika wa kowane gari amsarsa. Mai son yin ta'aziyya zai samu Ikram a gonar mahaifinta, tana bin bayansa da ƙwaryar ƙaura. A zo da sungumi.