Rasuwar Mai Fito a Dajin Arewa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan zaman benci rasuwar motata, wadda unguwa ta raɗa wa suna Mai Fito. Ta cika da rana tsaka a can dajin arewa, tana ɗauke da 'yata Auta da angonta, a tafiyarsu ta farko bayan aure. Ba na wurin, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Marigayiya ta zo gidana tun Auta ba ta iya zama ba, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Asalinta shuɗiya ce, rana ta yi ta lasarta har ta koma launin toka. Ba ta san gaggawa ba, ba ta taɓa wuce wata mota a hanya ba sai wadda ta lalace. Ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje, ta ɗaya gefen nake shiga in tsallaka, shi ya sa mahaifiyar Auta, Allah Ya jiƙanta, take cewa ni kaɗai ta sani da ke shiga gidansa ta katanga. A aljihun gabanta nake ajiye abubuwan da na tsinta a duniya: dutse mai huji a tsakiya, makullin da ban san ƙofarsa ba, da ƙashin kifin da na samu a kan wani tudu inda ko rijiya babu.

Mai magana ce. Da safe takan ce ƙyaƙ, ƙyaƙ, ƙyaƙ, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta tashi. Amma babbar maganarta ita ce fito. Allurar da ke nuna zafin inji ta daɗe da mutuwa, lagiretonta kuma yana ɗigar da ruwa a hankali. Sai Allah Ya sa murfin lagireton ya tsage kaɗan, in zafi ya fara yi mata yawa sai ka ji fiii, siririya, kamar buta a kan wuta. Da ka ji, ka tsaya, ka bar ta ta huce, ka ba ta ruwa. Haka muka zauna da ita, ba ta taɓa ɓoye mini ƙishinta ba.

Ni na ce su je arewa. Tun ina saurayi nake jin akwai wurin da hanya ke miƙewa yini guda babu gida, ruwa ya bayyana a gabanka, ka bi shi ya gudu, duwatsu tsaye kamar mutanen da aka kira suka waiwaya. Mun sha shirin zuwa da mahaifiyar Auta, Allah bai nufa ba. Yanzu idona ya yi rauni, tuƙi ya gagare ni. Na ce to, ko motar ta gano mana.

Ga yadda ciwon ajali ya same ta. Angon Auta mai kantin magani ne, mutumin da ba ya iya jin tari ya yi shiru. Ana gobe tafiya ya karɓi motar wai zai wanko ta, ashe wurin bakanike ya kai ta a ɓoye, ya ce duk abin da ke ƙara a jikinta a gyara, yana so ya faranta mini. Bakanike ya ɗaɗɗaure abin da ya ɗaure, ya ga tsagaggen murfi, ya jefar, ya sa sabo. Ango bai san daga nan fiton ke fita ba.

Da za su tashi na leƙa ta taga na ce, "Ku kasa kunne. In ta yi fito, ku tsaya ku ba ta ruwa."

Ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Kuma sun bi maganata, wannan ne abin da ke hana ni cin abinci. Auta ta ce ko rediyo ba su kunna ba. Sun wuce gonaki, sun wuce garin ƙarshe, sun shiga inda bishiyoyi ke gajarcewa, suna sauraro. Har tana tsokanarsa, "Ka ga tsohuwa ta ga sabon ango ta daina ƙorafi." Suna dariya, ita kuwa tana ƙonewa a ƙarƙashinsu, an toshe mata baki. A wani hawa ta ce gwaf, sau ɗaya, hayaƙi ya tashi, ta gangara gefen hanya da kanta ta tsaya. Wata babbar mota mai ɗaukar gishiri ce ta jawo su gida. Bakanike ya duba ya ce injin ya ƙone ƙurmus, in yi haƙuri.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu da ta ko-ta-kwana, wadda ita ma ba lafiya gare ta ba. Ta bar jarkar ruwa cike, ba a ko buɗe ta ba. Ta bar dutsen da nake tokare mata taya, da kyanwar maƙwabta da ke kwana a kanta don ɗumi, wadda har yanzu takan hau, ta ji sanyi, ta sauko. Ta bar ni.

Ta kuma bar mutum biyu da suka fi ni shiga uku. A bakin hanyar nan, da ango ya faɗa wa Auta maganar bakanike, ta ce masa, "Ka kashe motar da Mamata ke zama a ciki." Magana ce ta zafin rana, amma ta shige shi. Tun da suka dawo bai tako gidana ba. Maganin gwiwata ma Auta yake ba wa ta kawo, ta zo ido a kumbure.

Na ce, "Ina mijinki?"

Ta ce, "Wai ba shi da idon da zai kalle ka, Baba. Ni ma ba ya kallona. In na ajiye abinci sai ya ce na gode, kamar baƙo."

Na yi kukan mota, ban ɓoye ba. Amma ban aurar da 'yata don ta zauna da baƙo ba.

Za a yi rakiyar marigayiya ranar Asabar da hantsi, daga ƙofar gidana zuwa filin mai sayen tsohon ƙarfe. Maƙwabcina mai a-kori-kura zai ja ta da igiya, a hankali, yadda ta saba tafiya. Motar da ake ja tana buƙatar mai riƙe sitiyari da taka burki, ni kuwa ba na gani sosai, kuma ban yarda wani bare ya riƙe ta ba. Surukina zai riƙe, Auta a gefensa. Ni zan zauna a baya, inda ban taɓa zama ba, surukin nawa ya ba ni labarin abin da suka gani a arewa kafin hayaƙi ya tashi, don Auta ba ta iya ba da labari ba, daga ƙarshe take farawa.

Masu zuwa ta'aziyya su zo da wuri. Wanda ya biyo ta kantin magani ya gaya wa mai shi cewa ba za a ɗaura igiya ba sai ya iso, ko da za mu wuni a rana.