Takardar da na ɓoye a hula

Abu ɗaya ne ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma da ana goge abin da ya wuce, da shi zan fara: na ɓoye wa 'yata Rakiya takardar shiga makarantar koyon aikin jinya.

A rumfata ta hatsi aka kawo takardar. Na karanta da 'yar bokon da nake da ita, na linke ta huɗu, na cusa cikin hulata. (Mu 'yan kasuwa nan ne ma'ajiyarmu, ba mai taɓa hular dattijo.) A lokacin ina bugun ƙirji a majalisa cewa 'yata ba za ta yi aikin kwashe fitsarin mutane ba. Kullum ta tambaye ni, "Baba, ba a kawo saƙo ba?" sai in ce, "Ki yi haƙuri, wataƙila ba rabonki ba ne." Har addu'a nake taya ta.

Saura kwana uku a rufe karɓar ɗalibai, jiri ya kwashe ni a kasuwa da rana tsaka. Hawan jini. Aka kai ni asibiti, Rakiya ta biyo mu a guje tana kuka. Nas ɗin da ta karɓe ni Sista Laraba ce, 'yar maƙwabcinmu mutumin Salka, wadda na hana shiga gidana don ita ta sa wa Rakiya wannan ra'ayi.

Ta auna jinina, ta sa mini ƙarin ruwa, ta ce, "Baba Alhaji, a cire hular nan ka sha iska."

Na dafe kai da hannu biyu, har robar ruwan ta kusa fita. "Sanyi nake ji!"

"Da wannan gumin?"

Ta ɗaga hular. Takarda ta faɗo kan ƙirjina, ta jiƙe da zufa, tambarin makaranta yana kallon kowa. Rakiya ta ɗauka ta karanta. Ni kuwa na rufe ido na yi kamar na sake suma.

Sista Laraba ta kama hannuna ta ce, "Baba, bugun jininka lafiya lau. Buɗe ido ka sa hannu a takardar, ana buƙatar izinin uba."

Na sa, a kwance.

Yau Rakiya ce nas a wani ƙaramin asibiti wajen Kaboji, inda dā ake ɗora mace mai naƙuda a babur zuwa Kontagora, wata ta kai, wata ba ta kai ba. Idan na tuna saura kwana uku in hana matan nan ita, abinci ba ya shiga.

Duk Juma'a takan zo ta auna ni. Kafin ta ɗaura abin awon sai ta ce, "Baba, a fara cire hula tukuna."

Don Allah, in ɗanka ko 'yarka na son aikin nan, kada ka yi irin tawa. Ni na yi, kuma har yau ina cire hula a gaban 'yar cikina.