Waliyyi Baba Maijirgi

Ba zan taɓa mantawa da idin dukan tsarkaka na shekarar da na koma Yelwa ba, ko da kuwa mutanen cocinmu za su yi mini alherin mantawa, abin da har yau ba su yi ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce a bakin tafki, can wajen Wara. A gidanmu ba a kunna wuta da safe sai an durƙusa. Inna ce ke jan addu'a, kuma da ka take yi: a roƙa wa Paparoma, a roƙa wa Bishop da Fada, sannan a shiga kiran waliyyai, tana kira muna amsawa, "Ka yi addu'a dominmu." Waliyyi Bitrus, Waliyyi Andarawus, Waliyyi Baba Maijirgi, Waliyyi Bulus, haka har ƙarshe. A ɗan cocin ƙauyenmu ma ita ke ja, don Fada sai a daɗe bai zo ba, kuma kowa haka yake amsawa.

Baba Maijirgi katikis ne, wato malamin coci, kuma masunci, wanda yake tuƙa kwalekwale ƙauye-ƙauye yana koyar da addu'a. Ranar da Inna take naƙudata abu ya ƙi, ga iska ta taso a tafki, matuƙa duk suka noƙe. Shi ya ɗauke ta ya tsallaka da ita asibiti. Ya rasu ina rarrafe. Wannan duk na sani. Abin da ban sani ba shi ne Inna ce da kanta ta ba shi waliyyantaka, ta kuma zaunar da shi kusa da Bitrus da Andarawus, wai tunda duk masunta ne za su fi shiri. (Ni da takardar sakandare a hannu, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi mutumin Wara ya riga Bulus shiga layi ba.)

Na zo Yelwa koyon ɗinki, na haɗu da Iliya, magana ta yi nisa har an fara zancen gaisuwar iyaye. Matsalar ɗaya ce, mahaifiyarsa Mama Rosa, shugabar zumuntar mata, wadda take kallona kamar kifin da ya kwana. Na ƙudura sai na burge ta. Da aka ce ana neman mai jan kiran waliyyai ranar idi, hannuna ya riga na kowa tashi. Aka miƙo mini littafi, na ce a bar shi, tun ina goye nake yi. Ku ji fa girman kai.

Ranar na sha sabon ɗinki na hannuna, coci ya cika har waje. Na karɓi makirfo, murya ta fita tas. Bitrus, aka amsa. Andarawus, aka amsa. Na hango Mama Rosa tana gyaɗa kai, zuciyata ta yi fari. Sai na ja numfashi na rera, "Waliyyi Baba Maijirgi."

Rabin coci suka amsa don baki ya saba, suka tsaya a tsakiya. Sauran suka yi tsit. Ni kuwa na ɗauka makirfo ne ya yanke, na bubbuga shi da yatsa, na sake maimaitawa da ƙarfi yadda har 'yan kabu-kabu a bakin titi za su ji. Wani dattijo a gaba ya juya ya tambayi na kusa da shi, ba a hankali ba, "Wannan na wace ƙasa ne?" Daga nan mawaƙan coci suka fashe da dariya. Fada ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Iliya ya shiga binciken takalminsa. Yadda na kai ƙarshe ban sani ba, na dai san zufa ta jiƙa sabon ɗinkin nan sharkaf.

Ana tashi Mama Rosa ta ja ni gindin mangwaro. "Yarinya, Lahadi mai zuwa za ki tsaya gaban mata ki ce tuntuɓen harshe ne, ba ki san wani mai jirgi ba. In ba haka ba, ban ga yadda za ki shigo gidana ba."

Kunya ta gama kashe ni, amma wannan maganar ta tashe ni. Na ce, "Mama, zan ba da haƙuri don na ƙi karɓar littafi. Amma in ce ban san shi ba, wallahi ba zan iya ba. Ba don shi ba da babu wadda za ki yi wa faɗa yanzu."

Fada ya fi ta sauƙi. Ya bayyana mini cewa sai Roma ta yi bincike mai tsawo kafin a kira mutum waliyyi a bainar jama'a, a coci in bi littafi, abin da nake yi a ɗakina kuwa tsakanina da Allah ne. Na kira Inna a waya ina huci. "Inna, ashe Roma ba ta san Baba ba?" Ta ce, "To, mi ya hana su tambaya? Ina nan."

Lahadi na tsaya gaban mata na ba da haƙurin littafi, ban ƙara ko kalma ba. Mama Rosa ta yi watanni ba ta amsa gaisuwata, biki ya ja baya, amma an yi shi. Har gobe in ta ga dama "ɗiyar mai jirgi" take kirana, ni kuma in amsa da na'am mai kyau.

Darasin da na koya shi ne kada in sake ƙin littafi a gaban jama'a, kuma in riƙa bambanta waliyyan duniya da waliyyan Inna. Amma a gidana ni ke jan addu'ar safe. Kwanan nan ɗana na fari ya tsaya a tsakiyar kira ya ce malaminsu na katikisma bai san Baba Maijirgi ba. Na ce masa gaskiya ne, mutumin Wara ne, Roma ba ta san shi ba, kada ya kuskura ya faɗe shi a makirfo. Sannan na ce ya gyara durƙusonsa ya amsa.