Ranar Da Aka Girbe Min Hanyar Gida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na dawo daga wankan jego ba. Ko na so in manta, Gwaggo Asabe ba za ta bari ba.

Mun fara zama ne a gidan su maigidana cikin garin Funtua. Da ya gama ɗan gininsa a bayan gari, ta hanyar Maska, muka tare. Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta so ba ko kaɗan, har ta ƙi zuwa ganin gidan. Maganarta ɗaya ce: "Daji ne. Ranar da ciwo ya tashi wa za ki ƙwala wa kira? Masara?"

Ni ma na sha aunawa a raina. Kafin ki samu mashin sai kin taka har bakin titi. Da damina taɓo ya cinye min silifas biyu. Waya ba ta kamawa sai na hau turmi a jikin katanga. Idan gishiri ya ƙare, miya haƙuri take yi. Amma fa akwai iska! Ba layin banɗaki, ba mai buɗe min tukunya ya ce manja ya yi yawa. Ga zogalena, ga kajina. Duk lissafin da na yi, nan nake so.

Lokacin da na tafi gidanmu Malumfashi goyon ciki, masara ta fi mutum tsawo. Kwatancen gidana kuwa ba wuya: ki sauka daga titi, ki bi gefen gonar masara, inda ta ƙare za ki ga jar ƙofa. Shi kaɗai ne gida a wurin.

Wata huɗu na yi. Ranar dawowa Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ta rako ni da wasu mata uku da kayan gara. Muka biya cikin gari muka ɗauki Hajiya. Tana shiga mota ta karɓi jikanta ta ce, "Yau zan gani da idona. In wurin bai yi min ba, ɗakinku na nan, na sa an share."

Nan take bakina ya buɗe (haka nake, idan na tsorata surutu nake yi). Na yabi iska, na yabi shiru, har na ce ko ido rufe zan kai kaina gida.

Muka sauka daga titi. Babu masara. An girbe tas, sai kara a jingine tsibi-tsibi. A filin kuma gidaje sun tsiro, duk bulo ba filasta, kuma wallahi kamar mutum ɗaya ya sayar musu da fenti: jar ƙofa, jar ƙofa, jar ƙofa.

Direba ya waiwayo. "Mai jego, ina muka nufa?"

Na danna lambar maigida a ɓoye cikin mayafi. Ba turmi, ba magana. Ta yaya zan ce ban gane gidana ba, a gaban matar da ta riga ta share min ɗaki? Na miƙa yatsa na ce, "Wancan."

Ƙofar a buɗe take. Na shiga gaba ina taƙama. Tsarin iri ɗaya sak, ɗaki biyu da rumfa, sai hankalina ya kwanta. Wata dattijuwa na zaune tana tsince wake. Na ɗauka maigida ne ya samo mai taya mu girkin baƙi.

"Sannu da aiki, Baba," na ce. "A shimfiɗa wa baƙi tabarma, a kawo ruwa."

Ta dube ni, ta dubi jaririn, ta tashi ta kawo tabarma. Ta kawo ruwa har da fura. Ni kuwa na shiga zagaye ina faɗa.

"Wa ya sare min zogale? Ina kajina? Wannan akuyar ta wace ce? Baba, wake ai ba a rumfa ake tsince shi ba."

"To, 'yar nan," in ji ta.

Na karɓi yaro don in kwantar da shi, na ɗaga labulen ɗakina. Ba gadona, ba kwanukana. Wani tsoho ne zaune a kan buzu da singileti, rediyo a kunnensa. Muka kalli juna. Ya ce, "Lafiya dai?"

Dattijuwar ta taɓa kafaɗata a hankali. "Ɗakin Malam ne nan. Ke ce matar mai zogale? Gidanku na bayanmu. Mijinki tun hantsi yake leƙen hanya."

Gwaggo Asabe ta fesar da furar bakinta. Matan nan har da riƙe ciki. Ni dai na tsaya da yaro a hannu, ina jiran Hajiya ta ce a mayar da kaya mota.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen dattijuwar. "Baiwar Allah, ba ki san mu ba, kika ba mu fura?"

"Mai jego ce ta ce a kawo, Hajiya. Zan tsaya tambaya?"

"In yaron nan ya yi zafin jiki, ta ƙwala kira, za ki ji?"

"Tarin mijinta ma muna ji."

Hajiya ta shanye furarta, ta gyara mayafi, ta dube ni. "To. Tunda dajin naku ya yi mutane har ana ɓatan gida, ku zauna. Amma ke, ki riƙa buɗe idon."

Washegari na sa maigida ya shafa wa ƙofarmu kore. Na kuma daina kwatance da abin da ake girbewa. Baba Lami (sunanta ke nan) ita ke yi wa yaro wanka yanzu idan ya ƙi ni. Sai dai har yau in na je aron gishiri, kafin in gama sallama sai in ji Malam daga ɗaki: "Lami, shimfiɗa tabarma, mai gidan ta zo."