Yadda Za Ka Mayar da Layin Lodi Cikin Nabigater Ba Tare da Ka Rasa Kujerarka Ba

Ka kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan, shi da kujerarsa sai tsufa ya raba su. Na tsinto su ne daga Alfari, sakataren sandika, wato ƙungiyar masu jiragen ruwa a Gaya. Shekara da shekaru layin lodi na cikin wani lojisiyel, wato manhaja, a tsohuwar ordinater ɗinsa, ba mai sanin jirgin da ke bin wani sai ya zo ya gaishe shi. Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar tsallakawa Malanbil, kaya suka koma ruwa, sai Hajiya Zuwera, uwar sandika, ta ce a mayar da lojisiyel ɗin cikin nabigater, abin buɗe intanet, kowa ya duba layinsa a waya. Alfari ya san dawan garin: ranar da waya ta iya aikinsa, sallama ce.

1. Ka amsa da fara'a

Kada ka ce a'a, mai a'a ne ake nemar wa magaji. Alfari ya dafa ƙirji ya ce, "An gama, Hajiya, in sha Allahu." Lura da kyau, bai faɗi wata ba, balle rana.

2. Ka samu mai laifi

Kuran, wato lantarki, da rezon waya ba su da bakin kare kansu. In akwai wuta, ka ce rezo ya gudu Malanbil. In akwai rezo, ka ce zafi ya yi wa na'ura yawa. Da wannan kaɗai Alfari ya ci wata huɗu.

3. Ka tsorata su da ƙananan umarni

Kowane tsohon lojisiyel na da ƴan umarnin da ke aiki a ɓoye. Ka buɗe su a gaban manya, ka girgiza kai, ka ce nabigater ba ya jin yarensu, sai an sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ce kuma, shi ya sa ƙaryar take da daɗi.

4. Kada ka bari a sosa maka zuciya

Nan gwanin namu ya fara zamewa. Hajiya ta leƙo buro ta ce, "Malam Alfari, in abin ya fi ƙarfinka ba kunya. Akwai wata Madina a Dosso, an ce hannunta da sauri." Haushi ya kama shi, cikin mako ɗaya ya gama, abin kuma ya yi kyau har ya ba ni takaici. Bencin masu gaisuwa ya zama wurin barcin mage.

5. Ka bar rami ɗaya

Al'adar bakin kogin ita ce, in mai jirgi ya rasu, ba a cire jirginsa daga layi sai an yi arba'in. Abokansa ke tuƙawa domin iyalinsa. Amma akwai umarnin da ke goge duk mai jirgin da bai bayyana ba kwana uku. A da Alfari ke mayar da sunan da hannu, ba wanda ya sani. Sabon tsari bai san takaba ba, sai ya goge jirgin marigayi Baraka. Da iyalinsa suka kawo kuka, Alfari ya mayar da sunan da hannu. Ga dama ta samu: ka ce wannan sai mutum, na'ura ba ta iyawa, kujera ta tabbata.

6. Kada ka kalli mai kuka

Hawwa, matar Baraka, ta aiko ƙanwarta da saƙo: "A gaya wa Malam, in wata rana ba ya buro, wa zai tuna da mu?" Tausayi ya cika Alfari. Sai ya jawo kujera ya rubuta dokar arba'in cikin lojisiyel, ta yadda ko ba shi za ta yi aiki. Ya toshe ramin da hannunsa.

Gargaɗi

Ni ba ruwana, na faɗa maka abin da za ka yi da wanda za ka bari. In kana da zuciya irin ta Alfari, kada ka zo ƙofata da ƙara. Ran Juma'a sandika za ta zauna a kan batun kujerarsa, ban san abin da za su yanke ba. Jirgin Baraka dai ya yi lodi ran Alhamis, shi ne na farko.